Hadiza Mai Hayar Littattafai

Hadiza 'yar Soba ce, aure ya kawo ta Kaduna. Mijinta, Malam Nasiru, yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ya kama musu ɗaki biyu a wani gidan haya a Makera, a layin masu gyaran keke. Lokacin da ta zo ba ta iya karatun boko ba. Sai da ta haifi 'yarta Zainab sannan ta shiga ajin manyan mata da ake yi a firamaren unguwa bayan an tashi yara. Da goyo take zuwa, ta zauna a bencin da ya yi mata kaɗan, tana haɗa baƙi da wasali da ƙarfi har malamar ta ce ta rage murya. Littafin labari na farko da ta karanta da kanta, damina guda ta yi tana fama da shi. Ranar da ta kai shafin ƙarshe tuwonta ya kama, Malam Nasiru ya ci shi haka nan. Da wata ya ƙare sai ga shi da wasu littattafan a leda.

Daga nan abin ya samo asali. Maƙwabta suka fara aro, wata ta dawo da littafi da manja a jikinsa, wata ta ce ƙanwarta ta tafi da shi Zariya. Wata tsohuwa a gidan ce ta ce mata, "Ke dai ba ki da wayo. Abin da ake so haka ai sana'a ne." Hadiza ta sa kafinta ya kafa mata katako a bangon ɗaki na biyu, ta jera littattafanta, ta fara ba da haya. Duk littafin da ya shigo hannunta sai ta ɗinke bayansa da zare da allura, ta yi masa riga da takardar buhun siminti. Kafin a daɗe sunan mijinta ya ɓace a gidan. Ko direban bas ka tambaya gidan Hadiza Mai Haya, zai ce ka sauka a bakin layin masu keke.

Ba haya kaɗai ke tara mata a ɗakin ba. Bayan la'asar sai ka ga takalma a ƙofa kamar gidan suna. Wadda ta zo mayar da littafi ba ta tafiya sai ta faɗi ra'ayinta, wadda ba ta karanta ba ta toshe kunne tana cewa kada a ɓata mata. An sha yin faɗa a ɗakin nan a kan mutanen da ba a taɓa haihuwarsu ba. Akwai matar da ta yi mako ba ta gaishe da Hadiza ba, don Hadiza ta ce wani mugun attajiri a wani labari yana da nasa uzurin.

Da masaƙu suka fara rufewa, jiniyar da ke tashin unguwar ta yi shiru. Malam Nasiru ya yi ta zuwa bakin ƙofar masaƙa tare da sauran ma'aikata suna jiran labari, daga baya ya daina. Ya gwada acaɓa, ƙirjinsa bai ɗauka ba. Hawan jini ya kama shi, ya yi jinya ba mai tsawo ba, ya rasu Zainab tana sakandare. Littattafan nan su suka riƙe tukunyar gidan a shekarun da suka biyo baya, su suka kai Zainab har ta gama kwalejin horon malamai, ta yi aure a Unguwar Mu'azu.

A cikin masu zuwa ɗakin akwai wata mata da ta bambanta da sauran, sunanta Juliana. 'Yar wani ƙauye ce a wajen Zonkwa, tana zaune a Tirkaniya, tana sayar da doya da garin rogo a kasuwar Litinin ta Kakuri. A kasuwar suka haɗu. Hadiza ta sunkuya tana zaɓen doya, littafi ya faɗo daga cikin kwandonta, Juliana ta ɗauka ta karanta abin da ke bangon da ƙarfi, ba gargada.

Hadiza ta ce, "Au, kina karanta Hausa?"

Juliana ta yi dariya. "Haba madam. A coci da me muke waƙa? Tun ina yarinya nake karantawa. Irin wannan ne ban taɓa gani ba. Labarin me ke ciki?"

"Sai kin karanta."

Tun daga ranar, duk Litinin idan Juliana ta kwashe kaya sai ta biyo ta Makera. Hadiza tana kiranta Maman Lizzy, ita kuma tana kiran Hadiza Maman Zainab. Juliana mace ce mai ƙaton jiki da ƙatuwar murya, ba ta iya karatu shiru ba. Idan wani ya yi rashin mutunci a labari sai ta buga cinya ta ce, "Kai! Wannan mutum Allah ya isa!" A shekarar da gari ya rikice, mutane suka yi ta kwashe kaya suna komawa unguwannin da 'yan addininsu suka fi yawa, Juliana ta yi watanni ba ta leƙo Makera ba. Hadiza ta ɗauka shi ke nan. Wata Litinin sai ga ta a ƙofa, tana haki, ta kwance bakin zane ta ciro littafi.

"Ga kayanki. Kada ki ce na gudu da shi."

Suka zauna suka yi kuka tare, sannan Juliana ta share fuska ta ce ƙarshen labarin bai yi mata daɗi ba, a ba ta wani.

Abin da rikici bai iya yi wa ɗakin ba, waya ta yi masa a hankali. Da farko 'yammata ne suka rage zuwa. Sai matan aure. Hadiza ta ji ana ta maganar guruf, ana cewa marubuta yanzu a waya suke sakin labari, kullum da ci gabansa, kana kwance a gadonka ya iso ka. Ba wadda ta yi faɗa da ita, ba wadda ta yi mata sallama. Idan sun haɗu a biki su gaishe ta da fara'a, su ce suna nan zuwa. Takalman ƙofar ɗaki suka yi ta raguwa har ya zama sai Litinin ake ganin silifas ɗin Juliana shi kaɗai.

Zainab, wadda a lokacin take koyarwa a wata firamare, ita ma a waya take karatu. Ta sha kawo wa uwarta maganar.

"Umma, ki gwada kawai. Duk abin da ke bangon nan, waya ɗaya za ta ɗauke shi, ba gara, ba ɓera."

"Idan aka ɗauke wuta fa?"

"Ai ana caji."

"Littafina bai taɓa neman caji ba. Kuma ke da kike karatun, wa kike yi wa musu a kai? Wa ke zama kusa da ke?"

"A guruf muke musu, Umma. Mun fi ɗari."

"Kin san fuskarsu?"

Zainab ta bar maganar, ba don ta yarda ba, sai don ta san halin uwarta.

Ana cikin haka ido ya fara ba Hadiza matsala. Da farko ta ɗora laifin a kan masu buga littafi, ta ce tawadarsu ba ta da kyau. Sai ta ga har tsofaffin da ta sani kamar tafin hannunta sun dushe. Zainab ta kai ta asibitin ido. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma da maganin ɗigawa za a riƙe sauran. Aka yanka mata tabarau. Tana ganin hanya, tana gane fuska, amma ƙananan baƙaƙe a kan takardar da ta yi ja saboda tsufa sun fi ƙarfinta. Takan ɗauki littafi ta fita tsakar gida inda rana ta fi haske, ta matso da shi, ta nisanta shi, hawaye ya cika idon, ta rufe.

Zainab ta sake gwadawa. Ta buɗe wani labari a wayarta, ta ja yatsu biyu a kan gilashin, baƙaƙen suka kumbura suka yi manya. Hadiza ta kalla. Ta ga kalmomin sarai, ta ma karanta layi ɗaya a zuci kafin ta kau da kai.

"Ɗauke abin nan. Shi ya kore min mutane, yanzu kuma ni zan je in roƙe shi?"

Juliana ce ta zama idonta. Duk Litinin ta zo ta zauna a tabarma, ƙafafu a miƙe, ƙurar kasuwa a jikinta, ta karanta da ƙarfi, Hadiza tana jingine da bango tana gyara mata inda ta ja wasali ba daidai ba. Juliana ba ta ƙin waya. Ta ce ko a zumuntar mata ta cocinsu yanzu wasu a waya suke duba waƙa.

"Maman Zainab, ki bar taurin kai. Labari ai labari ne, ko a ganye aka rubuta shi."

"To ke me ya hana ki komawa?"

"Ni? Idan na koma waya, wa zai ba ni kunun tsamiya ranar Litinin?"

Sun yi kusan shekara biyu a haka. Wata Litinin Hadiza ta dama kunu ta rufe, ta ciro littafin da suka tsaya a tsakiyarsa, ta jira har aka kira magariba. Washegari wata mai sayar da manja ta aiko mata da labari: Juliana ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa tana cikin auna gari. Hadiza ta same ta a asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Babbar muryar nan ta tafi, sai gurnani da kalma ɗaya-ɗaya. Da aka sallame ta, ɗanta Nathan ya ce ba za ta iya zaman Tirkaniya ita kaɗai ba, ya mayar da ita ƙauye. 'Yarta Lizzy ta ɗauki hutu a wurin aikinta na Abuja ta bi ta don ta yi jinya.

Hadiza ta zaɓi littattafai cike da jaka, waɗanda ta san Juliana na so, ta kai tasha ta ba direban Zonkwa. Bayan kwanaki Lizzy ta kira ta.

"Mama, kaya sun iso, mun gode. Amma ba ta iya riƙewa. Na ɗora mata a filo, idonta yana gajiya. Na gwada karanta mata, ni kuma Hausata ta baki ce, a rubuce sai in yi ta tuntuɓe. Idan na fara sai ta juya fuska bango."

"Tana cin abinci?"

"Kaɗan. Sunanki take ta ƙoƙarin kira."

Da suka gama magana, Hadiza ta dubi ƙaramar wayarta. Sannan ta kira Zainab ta ce idan an tashi makaranta ta biyo, ta zo da abin nan nata.

Littafin da suka tsaya a tsakiyarsa tsoho ne, Zainab ta duba ko'ina ba wanda ya taɓa sa shi a waya. Sai ta shimfiɗa shi a tsakar gida ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta zuba su a wata tsohuwar wayar mijinta mai faɗin fuska. Ta nuna wa uwarta yadda ake buɗa yatsu rubutu ya girma, da yadda ake turawa gefe. Hadiza ta gwada, shafi ya yi ta guduwa. Ta yi tsaki ta ajiye, ta sake ɗauka. Da ta kama layin farko, Zainab ta danna naɗar murya a tata wayar.

Hadiza ta gyara murya ta ce, "Maman Lizzy, ina wuni. Ni ce. Kin tuna inda muka tsaya, matar nan ta isa tasha ba ta ga ɗan'uwanta ba. To saurara."

Ta karanta har wuyanta ya gaji. Rabonta da karanta shafi da idonta ta manta. Da suka gama Zainab ta ga uwarta tana goge tabarau da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

A ƙauyen sabis ba shi da ƙarfi, sai Lizzy ta taka zuwa bakin titi kafin saƙon ya sauka. Amsar da ta dawo gajeriya ce. An ji motsin gado, an ji Lizzy tana cewa, "Mama, yi magana, tana ji." Sai wata murya mai nauyi ta ce, "Ƙa...ra."

Hadiza ta ƙara. Ta koyi naɗar da kanta, ta daina jiran Zainab. Da hantsi, idan ta gama shara ta ɗiga magani, sai ta zauna a ɗakin littattafai, bango cike da takarda a bayanta, waya a hannunta. Da tsohon littafin ya ƙare, Zainab ba ta samu sukunin ɗaukar hoton wani ba, sai ta sa ta a wani guruf inda wata marubuciya ke sakin labari kaɗan-kaɗan. Labarin wata mai sayar da hatsi ne da ɗanta ya tafi neman aiki kudu ya daina aike. Hadiza ta shiga da niyyar kushewa. Ta ce yarinyar ba ta san inda ake sa aya ba, kuma tana cusa Turanci inda ba a neme shi ba. Amma ranar da ci gaban bai zo ba, ita ta fara kiran Zainab tana tambaya ko marubuciyar lafiya.

Zainab ta ce, "Umma, ashe dai ana iya karatu a waya."

"Ana iyawa. Ban ce ya fi ba."

Damina ta yi nisa suna haka. Wani lokaci amsa ta zo, wani lokaci Lizzy ce kawai za ta ce Mama ta ji, ta yi dariya a wuri kaza. Labarin mai hatsi ya kai inda uwar ta sayar da rumfarta ta hau mota za ta bi sawun ɗan. Hadiza ta naɗa wannan ta tura ranar wata Laraba. Ba amsa. Ta ce ko ruwa ne ya hana Lizzy fita titi. Ranar Juma'a da safe Nathan ya kira, da ta ji muryar namiji ta san abin da zai faɗa.

Zainab ta ɗauki izini a makaranta ta raka ta. Tafiya ce mai nisa ga mai ciwon ido, suka isa ana shirin fita da gawa. Hadiza ta samu wuri a gefen rumfa ta zauna cikin hijabinta, matan zumunta sanye da zane iri ɗaya suna waƙa a gabanta. Ba ta san kowa ba sai Lizzy da Nathan. Bayan an dawo daga binnewa ta je ta yi wa dangi gaisuwa. Tana buɗe baki ta ce, "Sannunku da haƙuri," sai wata tsohuwa mai sanda ta ɗago kai da sauri.

"Sake magana."

Hadiza ta ce, "Na ce sannunku da haƙuri."

"Ita ce! Ku zo, ga mai karatu!"

Mata suka taso suka kewaye ta, wannan ta kama hannu, wannan ta dafa kafaɗa. Lizzy ce ta yi mata bayani. Tun makonnin farko maƙwabta da ke zuwa duba Juliana suka fara tsayawa idan an kunna saƙon. Daga baya har kujeru suke zuwa da su. Idan sun ga Lizzy ta dawo daga bakin titi sai su bar abin da suke yi su bi ta. Juliana tana kwance a tsakiyarsu, idan an zo wurin da ya ɓata mata rai sai ta buga katifa da hannun hagu.

"Na Laraba fa?" in ji Hadiza. "Ta ji shi?"

Lizzy ta sunkuyar da kai. "Ban samu fita ba, Mama. Jikin ya riga ya yi tsanani."

Tsohuwa mai sanda ta matso. "'Yata, faɗa mana, matar nan ta ga ɗanta kuwa?"

"Wallahi ban sani ba, Baba. Mai rubutun ba ta kai nan ba."

"To idan ta kai, ki aiko mana."

Hadiza ta ce to. Amma bayan kwanakin makoki Lizzy ta koma bakin aikinta a Abuja da wayarta, a cikin tsofaffin nan kuwa ba mai wayar da ke karɓar irin wannan saƙo. Hadiza ma da ta gwada naɗa sau ɗaya, bakinta ya riga ta, ta ji kanta tana cewa "Maman Lizzy," ta kashe. Ba a daɗe ba ta bar guruf ɗin. Zainab ta karanta ƙarshen labarin ta so ta faɗa mata, ta ce ba ta so.

Shekarar da ta biyo baya mai gidan da take haya ya rasu, magada suka sayar da gidan, aka ba kowa wa'adi. Zainab ta ce ta dawo wurinta, akwai ɗaki ɗaya, amma ba zai ɗauki kayan bango ba. Da aka fara sauke littattafan aka ga na layin ƙasa gara ta shige su ta baya, bango lafiya, ciki ƙasa. Na kusa da taga danshi ya manne su, ba sa buɗuwa. Duk da haka masu kyau sun fi yawa.

Hadiza ta aika gida-gida wurin tsofaffin masu hayarta, ta ce duk mai so ta zo ta ɗiba kyauta. Kaɗan suka zo. Suka zauna aka yi hirar da, aka yi dariya, kowace ta ɗauki ɗaya ko biyu don kada a ce ba ta ɗauka ba. Mai ƙosan bakin layi ta aiko a tambaya ko za a ba ta na naɗe kaya, Hadiza ta ce a gaya mata a'a. Ta nemi wata makaranta, suka ce labaran manya ne, ba su da inda za su sa.

Ranar tashi, motar kaya ta tsaya a ƙofa, direba yana ta danna oda. Hadiza ta cika jaka guda, ba ta duba suna ba don ba ta gani, da hannu ta zaɓa, waɗanda ɗinkinsu ya fi tsufa. Sauran ta sa aka jera su a zaure, ta rufe da tsohuwar tabarma saboda ruwa. Mai ƙosai tana tsaye daga nesa tana kallo. Hadiza ta gan ta, ta shiga gaban mota.

Yanzu tana Unguwar Mu'azu. Jakar tana ƙarƙashin gadonta. A waya take karatu, da hantsi, kafin idon ya gaji. Ta sami wasu marubutan da take so da wasu da take zagi ita kaɗai, don Zainab tana makaranta a wannan lokacin, gidan ba kowa. Idon yana ci gaba da ja baya, ta yi ta ƙara girman rubutun har ya kai kalmomi kaɗan ke cika fuskar wayar, sai ta yi ta turawa kafin ta gama jimla ɗaya. Kwanan baya Zainab ta gaya mata akwai masu karanta littattafai su naɗa, mutum ya sa a kunne ya saurara kawai, ba sai ya wahalar da ido ba. Ta ce ko ta nemo mata.

Hadiza ta ce, "Tukuna. Ina gani har yanzu."